Yadda za ki mai da tsofaffin sarƙoƙinki adon bango

Kusan kowace mace a Kaduna tana da wani gwangwanin alewa da ta tara ɗan kunne wari ɗaya, sarƙar da ta tsinke, da awarwaron fashin (wato na kwaikwayo, ba zinare ba) na lefe da ya koɗe tuntuni. Kar ki zubar, ana haɗa su a yi adon bango har a samu kuɗi.

Kafin ki taɓa komai ki tabbata naki ne. In na marigayiya ne to gado ne fa, sai an raba ko magada sun yafe miki. In kuma ƙari za ki sayo a Kasuwar Barci ko Panteka ki tambayi inda kayan suka fito, wanda ya kawo miki sarƙa mai nauyi a araha yana waige-waige ki bar masa abinsa.

Sai ki baje su a faranti ki ware. Ki ɗora maganaɗisu, duk abin da ya manne ba zinare ba ne ba azurfa ba, amma wanda bai manne ba ma kar ki yi saurin murna dan tagulla ma ba ta mannewa. Duba lambar da ke jikin maƙallin, 925 azurfa ce, 750 ko 875 ko 916 zinare ne, irin wannan ki kai wa maƙerin farfaru, mai ƙirar zinare da azurfa, ya gwada, shi ya san yadda zai narka ya fitar miki da sabon abu. Ke dai kar ki narka komai a gida, wasu kayan fashin akwai dalma a ciki, kuma ai ba mu manta Zamfara a 2010 ba, yara ɗaruruwa suka rasu da gubar dalma saboda duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Shi ya sa ni a ganina juya tsohon ya fi sayen sabo, ba wanda ya sake shiga rami dominki.

Wanki kam ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori sun isa. Tagulla ki goga mata lemon tsami da gishiri ki ɗauraye, amma murjani kar tsami ya kusance shi, cinye shi yake yi.

Yanzu ki ɗame baƙin karammiski a kan falanki, ki zana abin da kike so da alli, dagin Arewa ko bishiyar kuka ko tsarin zayyanar gidan ƙasa. Jera manyan tukuna ba gam ba komai, ki ɗauki hoto a waya ki kalla daga nesa, nan za ki ga inda ya cushe, dan yawancin masu farawa so suke sai sun zuba komai, alhali filin da kika bari baƙi shi ke fito da ƙyallin. Sarƙoƙi su zama layi, duwatsun jigida su cike tsakiya. Ki ɗinke da zaren kamun kifi, ya fi gam nesa ba kusa ba tunda gobe za a iya warwarewa, shi kuwa sufa gulu fari-fari yake bari a jikin dutse.

Firem ɗin ki sa kafinta ya yi shi da zurfi da gilashi saboda ƙurar hunturu. In za ki sayar ki manna takarda a baya ki rubuta wanne ne azurfa wanne ne fashin, ki sa kuɗin aikinki daban.