Alli ya ishe ku karanta tambarin tsohuwar bindiga

'Yan uwa masu tara kayan tarihi, kada ku kankare ƙarfe don neman rubutu, darajar bindigar kuke zubarwa.

Ku goga allin makaranta a wurin, ku share da yatsa. Farin zai maƙale cikin ramin haruffan, su fito raɗau.

A bindigar Lee-Enfield ta Ingila samfurin SMLE, ku duba zoben ƙarfen da ke bayan kunama, ta dama. Nan kambi yake, da shekara, da masana'anta. BSA na nufin kamfanin Birmingham Small Arms. GRI kuwa ƙirar masana'antar Ishapore ce ta Indiya.

Kun ga FTR? An sake gyara ta a masana'anta ke nan.

Amma in tsatsa ta ci wurin, alli zai cika kowane rami, har 3 ta koma 8. Sai ku haska tocila daga gefe.