Darasi na 6: Ruwan Citta da Zuma a Lokacin Mura

Da zarar sanyi ya shigo, sai gida ya cika da tari da atishawa. Ƙwayar cuta ce ke kawo mura, kuma yawanci takan tafi da kanta cikin kwana 7 zuwa 10. Babu abin sha da zai kore ta a dare ɗaya. Amma a cikin kayan girkinmu akwai abin da zai sanyaya maƙogwaro, ya rage tari, mai mura ya samu barci.

Yadda ake haɗawa

A samo ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa. A wanke ta sosai, domin ƙasa na maƙalewa a lungunanta. A kankare bayan, a yanka ta sirara ko a ɗan daddaka. A zuba a tukunya da ruwa kofi 2, a rufe, a bar shi ya tafasa minti 10 a wuta kaɗan. Mai son ƙamshi ya jefa kanumfari 2 ko 3. Ruwan zai yi launin ɗorawa, ƙamshin citta ya bugi hanci idan an ɗaga murfi. Sai a sauke a tace.

Kada a yi gaggawar matsa lemun tsami. A jira ruwan ya huce, har a iya kurɓa ba tare da ya ƙona leɓe ba, saboda zafi yana lalata bitamin C da ke cikin lemun. Daga nan a matsa rabin lemun tsami, a sa zuma ƙaramin cokali 1 ko 2 a kowane kofi. A sha da ɗuminsa, safe da dare. Abin da ya kwana a waje a zubar, a dafa sabo.

Citta na ɗumama jiki, tana kuma kwantar da tashin zuciya. Zuma kuwa tana lulluɓe maƙogwaro, shi ya sa ƙaiƙayin da ke tayar da tarin dare ke lafawa.

Jariri da zuma

Wannan shi ne abu mafi muhimmanci a darasin nan. Ba a ba yaron da bai cika shekara 1 ba zuma, ko da ɗigo ne a kan harshe. Zuma na iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin babba ke fin ƙarfinta, amma a hanjin jariri sai ta tsiro ta fitar da guba. Jaririn ya kasa tsotso, kukansa ya yi rauni, wuyansa ya saki, wani lokaci har numfashi ya gagara. Dafa zumar ba ya kawar da haɗarin. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi.

Mai ciwon sukari ya tuna zuma ma sukari ce. Mai ƙwannafi ko gyambon ciki ya rage citta da lemun tsami. Mai juna biyu da mai shan maganin hana daskarewar jini su fara tambayar likita.

Wasu na ƙara tafarnuwa. In za a sa, a daddaka ta a bar ta minti 10 kafin ta shiga tukunya, don sinadarinta ya fito. Amma kada a ɗaura ɗanyarta a fata, tana ƙuna.

Lokacin zuwa asibiti

Kada kofin citta ya sa a zauna gida alhali ciwo na cin mutum. Idan akwai zazzaɓi mai zafi, ko ciwon ƙirji, ko jini a majina, a tafi asibiti a ranar. Haka yaron da ke numfashi da sauri, ko ƙasan ƙirjinsa ke lotsawa idan ya ja iska. Tarin da ya wuce mako 2 kuma a je a yi gwajin tarin fuka.

Aiki

1. Rubuta kayan haɗin nan guda 3 a littafinka.
2. Me ya sa ake jira ruwa ya huce kafin a matsa lemun tsami?
3. Idan kofi 2 na ruwa ya ishi mutum 2, kofi nawa za a dafa wa mutum 6?
4. Karanta wa abokin zamanka sashen "Jariri da zuma" da ƙarfi, shi ma ya karanta maka.