Yadda Ake Zaɓar Makullin Wuƙar Aljihu Mai Naɗewa

Mai sayen wuƙar aljihu yakan fara duba kaifinta da kyan ƙotarta, ya manta da abin da zai riƙe ruwan wuƙar a buɗe yayin da yake aiki, alhali kuwa wannan ɗan ƙarfen da ke ɓoye cikin ƙota shi ne abin da ke tsakanin yatsunsa da kaifi. Masu sha'awar wuƙaƙe sun daɗe suna gardama a kan makullin da ya fi ƙarfi, wasu kamfanoni ma har nauyi suke rataya wa wuƙaƙensu domin su nuna cewa ba sa sakewa. A ganina wannan gardama ba ta da wani amfani mai yawa ga mutumin da zai yanke igiya, ya farke kwali ko ya fere rake, domin idan ana yanka yadda ya kamata, ƙarfin hannu yana tura ruwan wuƙar ne wajen buɗewa. Abin da ya fi dacewa ka tambayi kanka shi ne inda yatsunka suke a lokacin rufewa, da hannun da kake aiki da shi, da kuma yadda makullin zai kasance bayan ƙura da datti sun shige shi.

Ka fara da sanin cewa akwai wuƙaƙen da ba su da makulli sam. Ƙananan wuƙaƙen nan masu jar ƙota na kamfanin Victorinox, wanda Karl Elsener ya kafa a Suwizalan a 1884, sifirin ne kawai da ke kwance a bayan ƙota yake danne gindin ruwan wuƙar, don haka da zarar ka tura ta baya da ƙarfi za ta naɗe. Irin wannan ta isa ga ƙananan ayyuka, amma kada ka soka tsininta cikin itace ko fata mai tauri ka danna, domin a nan ne take rufewa a kan yatsa. Idan aikinka ya haɗa da huda ko murɗa wuƙa cikin abu, ka wuce ta ka nemi mai makulli.

Makullin da ya fi daɗewa a hannun jama'a shi ne na ƙashin baya, wanda wuƙar Buck 110 ta shahara da shi tun fitowarta a Amurka a 1964. Za ka gane shi da ɗan gurbin da ke bayan ƙota, a tsakiya ko kusa da gindi, inda ake dannawa kafin wuƙar ta rufe. Wani dogon ƙarfe ne ke kwance a tsawon bayan ƙotar, a bakinsa akwai ƙugiya da ke faɗawa cikin wani rami a gindin ruwan wuƙa, sifirin kuma yana matse ta a wurin. Alherinsa yana da yawa. Bahago da mai dama duk ɗaya suke a wurinsa, sifirinsa yana riƙe wuƙar a rufe da ƙarfi ta yadda ba ta buɗewa da kanta cikin aljihu, kuma ƙarar da yake yi idan ƙugiyar ta faɗa tana tabbatar maka cewa ya kama. Aibinsa biyu ne. Yawanci sai da hannu biyu ake rufe shi lafiya, wanda hakan kan zama wahala ga wanda ke riƙe da igiya ko buhu a ɗaya hannun. Sannan ramin nan na gindi matattarar datti ne, idan zaren aljihu ko yashi ko busasshen kitse ya taru a ciki, ƙugiyar ba za ta zauna har ƙasa ba, sai wuƙar ta yi kamar ta kulle alhali bakin ƙugiyar kawai ya taɓa. Tsinken sakace ya isa ya share wannan rami, amma dole ne mai wuƙar ya san da zamansa. Wuƙar Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Solingen ta Jamus kafin aikinta ya koma Afirka ta Kudu a 1988, dangin wannan tsari ce, sai dai a maimakon dannawa, zobe ake ja a baya domin a ɗaga ƙarfen da ya kama ruwan wuƙar.

Wanda za ka fi cin karo da shi a kasuwa a yau kuwa shi ne makullin harshen ciki, wanda maƙerin Amurka Michael Walker ya gyara tsarinsa a farkon shekarun 1980. Idan ka buɗe wuƙar ka leƙa cikin ƙota, za ka ga wani siririn falle na ƙarfe ya lanƙwaso daga gefe ya tokare gindin ruwan wuƙa, domin rufewa kuma sai ka tura shi gefe da babban yatsa. Mutane suna son sa saboda ana buɗewa a rufe da hannu ɗaya, ba shi da nauyi, kuma sassansa kaɗan ne. Amma a nan ne ya kamata ka fi tsayawa ka yi bincike, domin babban yatsanka yana kan hanyar kaifi a daidai lokacin da kake sakin makullin, kuma saboda sauƙin ƙerawa shi ne tsarin da masu yin jabu da wuƙaƙen araha suka fi kwaikwayo, da falle siriri da ba ya zama daidai.

Ga yadda za ka gwada shi tun kana gaban mai shago. Ka buɗe wuƙar a hankali, ba da fizga ba, ka duba inda harshen ya tsaya a kan gindin ruwan wuƙa. Abin da ake so shi ne kaurin harshen duka ya hau kan gindin, ya tsaya tsakanin farkonsa da tsakiyarsa. Idan gefensa kawai ya ɗan taɓa, zai iya zamewa, idan kuwa a sabuwar wuƙa ya riga ya tsallaka har ya kusa taɓa ɗaya ɓangaren ƙota, to babu sauran wurin da zai matsa yayin da ƙarfen ya ci da amfani, kuma ba da daɗewa ba ruwan wuƙar zai fara rawa. Bayan haka ka riƙe ƙotar ta gefe da gefe da 'yan yatsu, ka tabbatar babu yatsa ko ɗaya a bakin gurbin da wuƙar ke shiga, ka danna bayan ruwan wuƙar da tafin ɗaya hannun, kana kallon harshen ko zai motsa. Daga nan ka damƙe ƙotar kamar mai aiki, ka ɗan murɗa hannunka, domin a wasu wuƙaƙen naman yatsa manuni yakan tura harshen gefe ba tare da mutum ya sani ba. Bahago ya yi wannan gwaji da kulawa ta musamman, domin yawancin waɗannan wuƙaƙe don hannun dama aka tsara su, kuma sakin harshen da hannun hagu yana sa yatsa ya ja maimakon ya tura.

Makullin jikin ƙota ɗan'uwan na harshen ciki ne, bambancin kawai shi ne wani yanki na ƙotar kanta, mai kauri, shi ke lanƙwasowa ya tokare. Chris Reeve, maƙeri ɗan Afirka ta Kudu da ya koma Amurka, shi ya shahara da wannan tsari a wuƙarsa Sebenza mai ƙotar titaniyom, wani ƙarfe mai ƙarfi mara nauyi. Damƙar hannu tana ƙara matse shi a wurinsa, wannan kuwa fa'ida ce ta gaske, sai dai yatsa yana nan a hanyar kaifi, kuma idan titaniyom ya haɗu da ƙarfen ruwan wuƙa yakan maƙale ya yi tauri wajen saki. Ɗan goga bakin fensir a mahaɗar yana rage wannan, yawancin kamfanoni kuma yanzu suna ɗora ɗan guntun ƙarfe a bakin harshen.

Ga wanda babbar damuwarsa yatsunsa ce, ko kuma bahago, makullin sakata ne ya fi cancanta a duba. Kamfanin Benchmade ne ya yaɗa shi da sunan Axis a ƙarshen shekarun 1990, daga ƙirar Bill McHenry da Jason Williams, kuma bayan wa'adin mallakar ƙirar ya ƙare kamfanoni da yawa sun shiga yin irinsa. Wata 'yar sanda ce ta ratsa ƙota daga wannan gefe zuwa wancan, ƙananan sifirin biyu suna tura ta gaba ta hau kan gindin ruwan wuƙa. Domin rufewa, babban yatsa da manuni ne ke kama kawunan sandar ta waje su ja baya, saboda haka babu yatsan da ke shiga gaban kaifi, kuma ko da wane hannu aikin ɗaya ne. Rauninsa yana cikin sifirin ɗin nan, waɗanda sirarar waya ce da kan karye bayan dogon amfani ko idan tsatsa ta kama su, kuma a wurin da babu kayan gyara, wuƙa mai tsada tana iya zama ajiya saboda 'yar waya. Kamfanin Spyderco yana da nasa makullin da ake matsawa ta bayan ƙota, kamar a wuƙar Para Military 2, wanda shi ma yake kau da yatsu daga hanyar kaifi ba tare da irin waɗannan wayoyi ba, amma yawancinsa hannun dama ya fi yi wa daɗi.

Ba zan bar makullin zobe na Opinel a baya ba, domin shi ne mafi sauƙin fahimta. Kamfanin ya fara aiki a yankin Savoie na Faransa a 1890, aka ƙara wa wuƙar zoben da suke kira Virobloc a 1955. Zoben ƙarfe ne a wuyan ƙota, ka buɗe wuƙar ka juya shi, sai ya tare hanyar rufewa, kuma a ƙirar yanzu yana kulle ta a rufe ma. Babu sifirin da zai karye, yashi kuma ba ya hana shi aiki yadda yake hana na sakata. Sai dai makulli ne da ba ya kamawa da kansa, idan ka manta juya zoben, wuƙar ba ta da abin riƙewa. Ƙotarsa ta katako kuma takan kumbura da damina ta riƙe ruwan wuƙar gam, maganin hakan shi ne ka buga gindin ƙotar a kan abu mai tauri har tsinin ya leƙo, sannan ka bar ta ta bushe a inuwa.

Idan za a tambaye ni, ga manomi ko makiyayi ko duk wanda wuƙarsa za ta sha ƙurar hunturu da gumi, makullin ƙashin baya na kamfani mai kyau ko zoben Opinel nake zaɓa, saboda duk abin da zai same su mutum yana gani da idonsa ya gyara da tsinke da tsumma. Ga mai aikin lantarki ko ma'aikacin sito da ke buɗe wuƙa sau da yawa a yini da hannu ɗaya, na sakata ya fi. Na harshen ciki kuwa ina yarda da shi ne kawai idan ya ci gwajin da na bayyana. Fiɗa da sarar ƙashi ranar layya kuma ba aikin wuƙa mai naɗewa ba ne ko da wane irin makulli take da shi, wannan aikin wuƙa mai kube ne, kamar yadda mahauta suke yi.

Ko wanne ka saya, ka riƙa share cikin ƙota da tsohon buroshin haƙori, ka ɗiga ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a ƙusar da ruwan wuƙar ke juyawa a kanta, ka goge abin da ya malalo, domin mai idan ya yi yawa ƙura yake tarawa, kuma kada ka bari ya taɓa mahaɗar harshe da gindin wuƙa, inda santsi ke jawo zamewa. Idan wuƙar za ta taɓa abinci, ka yi amfani da man da ba ya cutarwa idan ya shiga baki.

Matafiyi kuma ya lura cewa makulli yana iya sauya matsayin wuƙa a idon doka. A Ingila, dokar 1988 ta yarda mutum ya yi yawo da wuƙa mai naɗewa wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba, wato kimanin santimita 7.6, amma kotuna sun yanke cewa wuƙa mai makulli ba ta shiga wannan rangwame, sai da ƙwaƙƙwaran dalili. A Jamus an hana yawo da wuƙar da ake buɗewa da hannu ɗaya kuma take kullewa, in ban da wanda ke da hujjar aiki ko makamancin haka. A filin jirgi kuwa, ka sa ta cikin akwatin da za a auna a kai ƙasan jirgi, kada ka bar ta cikin aljihu ko jakar hannu.