Yadda Ake Cin Abinci da Zanen Barkwanci a Kaduna

Abu biyu editan jarida ko mujalla yake biyan kuɗi a kansu: dabarar da mai karatu zai gane cikin daƙiƙa uku, da isowar zanen kafin a rufe shafi. Kyan hannu na zuwa ne bayan waɗannan. Akwai waɗanda suka fito daga sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, suna iya zana fuskar mutum har da ƙurajenta, amma ba sa daɗewa a wannan sana'a, domin sukan kwana biyu a kan abin da ake bukata kafin la'asar.

Saboda haka aikin yini da kunne yake farawa. Saurari labaran safe a rediyo, duba kanun jaridu, sannan ka ji yadda ake maimaita labarin a teburin mai shayi ko a cikin keke napep. Kalmar da talaka ya laƙaba wa al'amari, ita ce yawanci ke zama zanen. Zaɓi labari ɗaya, ka rubuta hukuncinka a kansa a jimla ɗaya. Idan jimlar ta ƙi fitowa, ba ka da zane tukuna, ko da ka cika takarda da fuskoki. Daga nan ka yi ƙananan ɗanyen zane shida zuwa goma, kowanne bai wuce girman kwalin ashana ba, minti biyu-biyu. Na farko da na biyu galibi su ne abin da kowa zai fara tunani, irin su ɗan siyasa mai tumbi riƙe da buhun kuɗi. Wuce su. Tura wa edita uku mafi ƙarfi kafin azahar, kada ka taɓa tawada sai ya zaɓa.

Wajen zana sanannen mutum, abu ɗaya ko biyu ake zuzutawa, sauran a bar su yadda suke. A nan Arewa hula kan yi rabin aikin: karinta, tsayinta, da inda take zama a goshi. Sai tabarau, gemu, wushirya, yadda ake saɓa babbar riga. In ka zuzuta komai, kamannin sai su ɓace. Gwaji mai sauƙi shi ne ka cike surar mutumin da baƙi gaba ɗaya ka nuna wa wani. In ya gane shi daga inuwar kawai, ka samu. In kuwa sai ka rubuta sunansa a riga, da sauran aiki.

Kayan hannu ba su da yawa: fensir HB ko shuɗin fensir mai haske wanda ake iya cirewa bayan sikanin, kilina mai laushi, alƙaluman tawada masu kaurin baki milimita 0.3 da 0.5 da 0.8, ƙaramin buroshi domin cike baƙi, da farin kwali mai santsi wanda kaurinsa ya kai giram 200 a awon takarda. Takardar fotokwafi mai giram 70 ko 80 ta ɗanyen zane ce kawai, tana shan tawada layi ya baje. Yanayin garin nan ma yana da nasa hukunci. Da hunturu bakin alƙalami kan bushe in an bar shi a buɗe na ɗan lokaci, ƙura kuma ta kwanta a gilashin sikana ta fito kamar ɗige-ɗige a fuskar mutum. Da damina kwali kan sha danshi ya lanƙwashe, tawada ta daɗe ba ta bushe ba, wanda ya yi gaggawar goge fensir sai ya shafe layinsa. Ajiye kwali a leda, ka jira minti goma kafin ka sa kilina. Mai aiki da kwamfuta ko babbar waya yana da manhajojin zane irin su Krita, wadda kyauta ce, ko ibisPaint, ko Clip Studio Paint. Ya raba layi da launi da rubutu a leya daban-daban, wato shimfiɗun da manhajar ke ɗora wa juna, domin gyaran edita kusan kullum a rubutu yake faɗawa. Ya kuma riƙa adana aiki a kai a kai, ba sai an gaya masa halin wutar lantarki ba.

Inda zane mai kyau ya fi mutuwa shi ne maɗaba'a. Tambayi faɗi da tsayin gurbin da aka ware maka da santimita tun kafin ka fara, ka zana a girman da ya ninka shi sau ɗaya da rabi, domin rage girmansa wajen bugawa na ɓoye rawar hannu. Sai dai ragewar tana sirantar da layi, don haka kada ka yi babban layi da alƙalamin da bai kai 0.3 ba. Zanen baƙi da fari a yi masa sikanin a 600 dpi (yawan ɗigo a kowane inci), mai launi a 300. Allon waya da launin RGB (hasken ja, kore da shuɗi) yake aiki, injin ɗab'i kuwa da CMYK (tawada kala huɗu, K ɗin shi ne baƙi), shi ya sa shuɗi mai ƙyalli da kore shar suke dusashewa a takarda. Mayar da fayil ɗin CMYK da kanka, ka ga abin da zai fito. Takardar jarida tana shan tawada, komai sai ya ƙara duhu, kuma wannan ya fi illa a launin fata: fuskar da ta yi daidai a allo sai ta fito baƙi ƙirin, ido da baki su nutse. Haskaka launin fata fiye da yadda idonka ke so. Layi da rubutu kuma su zama baƙi zalla, K 100, domin in an haɗa baƙin da launi huɗu, farantin ɗab'i na launi ɗaya ya ɗan goce, rubutun zai fito da inuwa biyu. Bangon mujalla yana bukatar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka.

Akwai matsalar da ta keɓanta da mai rubuta Hausa. Yawancin samfuran haruffan barkwanci na kwamfuta ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai su fito a matsayin akwati, ko ma'aikacin maɗaba'a ya musanya su da k da d da b, ma'ana ta juye. Ko dai ka rubuta da hannu, ko ka mayar da haruffan su koma hoto kafin ka tura. A CorelDRAW, wanda masu ɗab'i da yawa ke amfani da shi, Ctrl+Q ke yin wannan. Fara rubuta maganar da mutanen cikin zanen ke yi, sannan ka zagaye ta da da'ira. Kalma goma sha biyu ta isa, kuma wanda ya fara magana ya tsaya a hagu. In ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin dokumen, in ba haka ba zai matse hoton ya lalata layin.

Maganar kuɗi a gama ta kafin fensir ya taɓa takarda. Sabon abokin ciniki ya ba da rabi kafin alƙalami. A rubuta, ko da a saƙon waya ne, girman zanen, ranar miƙawa, gyara sau nawa ne kyauta (biyu sun isa), da abin da za a biya in an fasa bugawa bayan an gama aiki. Mafi muhimmanci, a fayyace me aka saya: bugu ɗaya a jarida, ko mallakar zanen baki ɗaya. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ce sai a rubuce ake sallama wannan haƙƙi, kuma kariyar zane tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Wanda ya ɗauki zanen jarida ya buga a riga ko fosta, sabon ciniki ne. Sa hannunka a cikin jikin zanen, kusa da ƙafar wani ko gindin kujera, domin na kusurwa shi ake fara yankewa a Facebook. Jarida ita kaɗai ba ta cika riƙe mutum ba yanzu. Littattafan yara, fostocin wayar da kai kan rigakafi, da tallan 'yan kasuwa su ke cike giɓin.

Sai iyaka. Wanda ya san abin da ya faru a Kaduna a watan Nuwamba na 2002, lokacin da rubutun jarida kan gasar sarauniyar kyau ya jawo tarzoma, ba ya bukatar dogon bayani kan addini: ba a taɓa shi, na kowane ɓangare. Wasan da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa, ko Fulani da Barebari, yana da daɗi a majalisa, amma zane yakan isa hannun wanda ba ya cikin wasan, a unguwar da ba ka yi zato ba. A soki aikin mai mulki, a bar ƙabilarsa da iyalinsa da naƙasarsa. Ɓata suna laifi ne a Final Kod, dokar hukunta laifuka ta Arewa, kuma an sha kama 'yan jarida da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Duk zanen da ya nuna wani sananne yana aikata takamaiman laifi, ka ajiye labarin da aka buga wanda ka dogara da shi, da ranarsa, kuma edita ya gan shi kafin ya hau shafinka.