Kurakuran da ke zubar da darajar motocin alfarma na kafin Yaƙin Duniya na Biyu

Motocin da ake magana a kansu ba su da yawa tun asali. Bugatti Royale guda shida ne suka rage a duniya, Duesenberg Model J kuwa ba a ƙera ko 500 ba kafin kamfanin ya rufe a 1937. Duk wadda aka ɓata a cikinsu, babu masana'antar da za ta sake fito da irinta. Abin da ya fi damuna shi ne, yawancin ɓarnar masu son motar ne ke yin ta, da kuɗinsu da kyakkyawar niyya.

Babban kuskure shi ne a ɗauka gyara yana nufin a mayar da mota sabuwa fil. Mutum ya samu mota mai fentinta na asali, ya ɗan dusashe, fatar kujeru ta tsattsage, sai ya kai ta a kankare komai, a fesa fenti mai ƙyalli na zamani, a ɗinka sabuwar fata. Ta fito tana walƙiya, amma fentin da aka shafa mata shekaru 90 da suka wuce ya tafi har abada. Ko ƙusa tana tona asiri: sukuru mai kan gicciye sai tsakiyar shekarun 1930 ya shigo ƙirar motoci, don haka ganinsa a jikin motar 1928 alama ce ta hannun baya. Haka ƙarafan ado na motocin farkon shekarun 1920, ruwan nikel aka yi musu mai ɗan ɗumin launi, amma sai ka ga an mayar da su kurom mai farin ƙyalli. Maganin wannan shi ne haƙuri. A wanke, a tsayar da tsatsa, a ciyar da fatar da mai, a ɗauki hoton kowane sashe kafin a kwance shi, abin da aka cire kuma a adana shi. Masu wannan harka ma sun dawo kan haka: a 2024, a gasar baje kolin tsofaffin motoci ta Pebble Beach da ke Kalifoniya, Bugatti Type 59 ta 1934 da ba a sabunta ba ita ta lashe babbar kyauta, karo na farko da irin wannan mota ta yi hakan, da tabon shekaru a jikinta.

Na biyu ya shafi masu saye. A wancan zamani, kamfanoni irin su Rolls-Royce da Duesenberg shasi da inji suke sayarwa. Duesenberg na karɓar dala 8,500 kan shasi kawai, sannan attajiri ya kai wa maƙeran bodi, irin su Hooper ko Barker a Landan, ko Murphy a Pasadena ta Amurka, su gina masa yadda ransa ke so. Saboda haka mota biyu masu suna ɗaya na iya bambanta a farashi nesa ba kusa ba. Nan ne ake cutar mutane. Bentley da yawa na shekarun 1920 an haife su da rufaffen bodi, daga baya aka cire aka ɗora musu buɗaɗɗe mai kama da na tseren Le Mans, don shi ya fi tsada. Wannan ba laifi ba ne idan an faɗa, laifin a ɓoye. Kafin ka ɗaga hannu a wurin gwanjo, a duba lambar shasi, lambar inji da ta bodi, a gwada su da littattafan kamfani, a bi sawun masu motar ɗaya bayan ɗaya. Inda tarihin ya yi shiru na shekaru masu yawa, nan ake tsayawa a yi tambaya.

Ana kuma mantawa cewa galibi ƙarƙashin ƙarfen bodin katako ne. Idan ƙofa ta fara saki, ba walda take nema ba, kafinta take nema.

Sai kurakuran gareji, waɗanda ko ƙwararren bakanike zai iya faɗawa ciki idan da motocin yau ya saba. Injin da ya yi shekaru a ajiye ba a tayar da shi da gaggawa. A sauke kaskon mai a kwashe dattin da ya kwanta, domin yawancin injinan nan ba su da matatar mai ta kirki, kuma sabon baƙin mai na iya tayar da tsohon datti ya kai shi cikin mital. Mital ɗin nan kuma ba irin na kwali ba ne da ake saya a sa, narkakken farin ƙarfe ne ake zubawa a goge da hannu, masu iya aikin kuma sun yi ƙaranci. Wasu man giya na zamani suna cin tagullar da ke cikin giyabos. Fetur mai gaurayen ethanol yana lalata tsofaffin robobi da abin da ke shawagi cikin kafireto. Motoci da dama, musamman na Amurka, batir mai bolt 6 suke amfani da shi, sa musu mai 12 yana ƙona fitilu da agogunan gaban direba. A motocin Ingila kuwa, notocin ma'aunin Whitworth ne, sifanar milimita tana cinye musu kai.

Tuƙin ma sai an koya. A wasu tsofaffin Bentley da Alfa Romeo, totur a tsakiya yake, birki a dama, wanda ya hau da yadda ƙafarsa ta saba zai taka wuta a inda yake neman tsayawa. Giya da yawa sai an taka kuloci sau biyu kafin ta shiga ba tare da ƙara ba. Bugatti ya riƙe birkin waya har zuwa 1938, don haka tazarar da kake bari tsakaninka da motar gaba dole ta ƙaru sosai.

Wasu kuma tsoron duk wannan ke sa su rufe motar da tamfol su bar ta shekara da shekaru. Mai ya daskare, tayoyi su kwanta, ruwan lagireto ya ci ƙarfe, ɓeraye su shiga kujeru. A ajiye ta a busasshen wuri mai iska, a fitar da ita lokaci-lokaci, a yi tafiya mai ɗan nisa har inji ya yi zafi sosai, domin tayar da shi na 'yan mintoci a tsaye ruwa kawai yake tarawa a cikin salansa da kaskon mai.