Daren farko da haƙar ma'adinai a Minecraft

'Yan uwa sababbin shiga, yini da dare a wasan nan minti 20 ne kacal, don haka ku sari itace tun da wuri, ku haɗa teburin ƙera kaya da diga. In duhu ya riske ku babu gado, ku haƙa rami a jikin tudu ku toshe bakinsa da ƙasa, saboda dodannin da ke fitowa da dare. Gado kuwa gashin tumaki 3 ne da katako 3.

A ƙarƙashin ƙasa, don Allah kada ku haƙa inda kuke tsaye, narkakken dutse ba ya sallama. Ku riƙe bokitin ruwa don kashe shi. Fitilu ku jera su a bangon dama, wajen dawowa ku bi su ta hagu. Daimon ya fi yawa wajen Y -59 (Y lambar da ke nuna zurfin inda kuke ce), kuma sai digar ƙarfe ko wadda ta fi ta ke cire shi.