Sabon zuwa Berlin, dakata da sayen mota

Duk baƙon da ya sauka wurina a Berlin, kafin ya cika sati biyu sai ya tambaye ni kuɗin mota ta hannu. Ba na ganin laifinsa. A gida mota ce ke nuna mutum ya samu, kuma wanda ya sha rana yana jiran A Daidaita Sahu a Ƙofar Nasarawa ba zai yi marmarin motar haya ba. Amma ɗan'uwa, ka ɗan dakata.

Lasisin tuƙin da ka zo da shi daga Najeriya ko Nijar wata shida kawai zai yi maka aiki bayan ka zama mazaunin Jamus. Daga nan sai ka zauna jarrabawar rubutu da ta tuƙi ta hannun makarantar koyon mota, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Ga inshora, ga haraji, ga duba lafiyar mota duk shekara biyu. Tsohuwar motar dizal da aka karyar maka da farashinta kuwa, wataƙila ba za ta shiga tsakiyar gari ba, domin tun 2010 motar da ba ta da koren tambari a gilashi ba ta da izinin shiga yankin da layin jirgin ƙasa na cikin gari, wato S-Bahn, ya kewaye, saboda hayaƙi.

Abin da za ka fara nema shi ne Deutschlandticket, tikitin wata-wata na hawa motoci da jiragen haya. An fito da shi ranar 1 ga Mayu 2023 a kan Yuro 49 a wata, ya koma 58 a Janairun 2025, sannan 63 a Janairun 2026. Da shi za ka hau bas, taragon titi, jirgin ƙarƙashin ƙasa na U-Bahn, S-Bahn, da jiragen yanki masu alamar RE da RB a ko'ina cikin ƙasar. Ba ya aiki a jirage masu dogon zango irin ICE da IC, kada farin jirgin nan ya ruɗe ka. Duk wata ake cire kuɗinsa daga asusunka, in kuma za ka daina sai ka sanar kafin 10 ga wata ta wuce. Ɗalibi ya fara tambaya a jami'arsa, sau da yawa tikitin na cikin kuɗin zango da ya riga ya biya.

Tashoshin nan ba su da ƙofa, ba mai tare ka. Wani ƙanena ya sayi tikitin takarda ranar da ya iso, ya sa a aljihu, bai san sai an cusa shi a ƙaramin injin da ke bakin dandamali ya buga masa lokaci ba. Tasha uku aka yi, wasu masu duba tikiti su biyu cikin kayan gida suka fiddo katin shaida. Ya nuna tikitinsa da gaba gaɗi, aka ce bai buga ba, tara Yuro 60. Har yau ina tuna yadda ya dawo gida jiki a sanyaye, yana juya takardar tarar a hannu. Hawa ba tikiti laifi ne a dokar Jamus, in ya yi ta maimaituwa yana iya kai ka kotu, kuma mai neman takardar zama ba ya son irin wannan a bayansa.

Hikimar zirga-zirga a nan ita ce haɗa abin hawa biyu ko uku. Ni kan hau keke minti bakwai zuwa tasha, in ɗaure shi da sarƙa mai kauri (ɓarayin keke sun yi yawa, kada ka yi rowar kuɗin makulli), in shiga S-Bahn, in ƙarasa da ƙafa. Maƙwabcina mai mota yakan riga ni fita, ni kuma in riga shi isa, don yana can yana zagaye neman wurin ajiye ta. In za ka shiga jirgi da keken, yana da nasa tikitin daban. Ranar ɗauko buhun shinkafa da jarkar mai daga shagon 'yan Afirka, sai mu haɗa kuɗi mu uku mu yi hayar mota ta awa biyu. Buƙatar mota ke nan a wata, ba ta wuce haka.

Jan layin da ke gefen titi na masu keke ne, kada ka tsaya a kai kana waya. Daren Juma'a wayewar Asabar da daren Asabar wayewar Lahadi U-Bahn na kwana yana aiki, sauran darare kuma bas masu harafin N ke maye gurbinsa, mai aikin dare ya riƙe wannan.

Lahadinka ta farko, ka shiga jirgin S-Bahn mai lamba S41. Yana zagaye garin a kusan awa ɗaya, tasha 27, ya dawo da kai inda ka hau. Zauna kusa da taga, ka riƙa rubuta sunayen tashoshin da layin unguwarku ya ratsa.